Kundin Aikin Ƙaramar Rada Mai Allon Dijital

13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin ƙaramar radarmu ta koyarwa yake tafiya, saboda ɗaliban da za su gaje shi su san dalilin kowane zaɓi da aka yi, kada su tarar da na'ura a haɗe kawai. Abin da muke ginawa rada ce mai eriya mai juyi, wadda za ta ga abin da ke cikin filin da ke bayan ɗakin gwajinmu har nisan mita 300, ta kuma zana shi a kan allon kwamfuta na yau da kullum cikin siffar da'ira, irin wadda ake gani a jirgin ruwa. Sashen da ke watsa igiyar rediyo sayensa muka yi a haɗe. Abin da za mu ƙera da hannunmu shi ne duk abin da ke tsakanin fitowar sigina daga wannan sashe da bayyanar ɗigo a kan allo.

Radar da aka fi sani tana harba gajeren bugu ne ta saurari amsa-kuwwarsa, kuma da yake igiyar rediyo tana cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, kowane mikrosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) na jira yana nufin nisan mita 150, idan aka lissafa zuwa da dawowa. A ɗan fili irin namu wannan hanya tana buƙatar kayan da suka fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka muka zaɓi irin radar da ba ta daina watsawa, sai dai yawan kaɗawar igiyarta yana hawa daga gigahatz 24.00 zuwa 24.25 (hatz ɗaya kaɗawa ɗaya ce a sakan, gigahatz kuma biliyan ɗaya) a cikin milisakan ɗaya da ɗan ɗoriya, sannan ya sauko ya sake farawa. Amsar da ta dawo daga wani abu tana ɗauke da kaɗawar da aka watsa ɗazu, ba ta yanzu ba, kuma idan aka gauraya su biyun sai a sami wata sigina mai sauƙin aunawa, wadda kaɗawarta take ƙaruwa da kusan hatz 1,630 a kan kowace mita ta nisa. Faɗin hawan, wato megahatz 250, shi ne yake yanke cewa abubuwa biyu ba za su rarrabu ba sai tazararsu ta kai santimita 60.

27 ga Janairu, 2025

Mun haɗa sashen da ke mai da sigina lambobi. Yana ɗaukar samfuri miliyan ɗaya a sakan, wato samfuri 1,024 a kowane hawa, kuma yana raba ƙarfin sigina zuwa matakai 4,096, abin da ya yi daidai da kusan desibel 72 (desibel ma'auni ne na ninkin ƙarfin sigina) tsakanin mafi rauni da mafi ƙarfi. Wannan bai isa ba, kuma dalilin yana cikin halin rada ita kanta. Idan nisan abu ya ninka, ƙarfin amsarsa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin 16 yake komawa, domin igiyar tana bazuwa a tafiya, ta sake bazuwa a dawowa. Tsakanin mita 3 da mita 300 akwai ninki 100, wanda a wajen ƙarfi ya zama ninki miliyan 100, ko desibel 80. Ga kuma siginar da ke tsallakawa kai tsaye daga eriyar watsawa zuwa ta karɓa, wadda ta fi kowace amsa ƙarfi.

A radar bugu, maganin wannan shi ne a rage ƙarfin amfilifaya, wato sashen da ke ƙara wa sigina ƙarfi, daidai lokacin harbi, sannan a riƙa buɗe shi a hankali yayin da amsoshin nesa suke isowa. Mu kuwa tsarin da muka zaɓa ya yi mana gata, tunda abin kusa ƙaramar kaɗawa yake bayarwa, na nesa kuma babba. Sai muka sa matata mai kafasita biyu da resista biyu a gaban amfilifaya, wadda take ƙara desibel 12 duk lokacin da kaɗawa ta ninka, daidai abin da nisa yake ɗebewa. Da wannan 'yar matata katangar da ke kusa ta daina cika ma'aunin, abin da ke ƙarshen fili kuma ya fara fitowa daga cikin hayaniya.

6 ga Fabrairu, 2025

Lambobi 1,024 na kowane hawa sautuka ne da yawa a cakuɗe, kowane abu a fili da nasa, kuma aikin lissafin Fourier shi ne ya warware su. Idan aka bi doguwar hanya, hawa ɗaya yana cin ninkawa fiye da miliyan ɗaya, mu kuma hawa 800 muke yi a sakan. Gajeriyar hanyar da James Cooley da John Tukey suka wallafa a shekarar 1965 ta mai da wannan aiki ƙananan matakai 5,120, kuma wannan ne kaɗai ya sa ɗan ƙaramin injin lissafin da ke kan eriyar yake gama hawa ɗaya kafin na gaba ya iso. Sakamakon shi ne gurabe 512, kowane gurbi yana wakiltar santimita 60 na nisa.

Domin mu sami abin da za mu dogara da shi wajen awo, mun kai wa wani mai walda zane ya haɗa mana madubin rada, wato fallayen gorar ruwa guda uku masu siffar alwatika da suka haɗu a lungu ɗaya, kowane gefe santimita 20. Duk igiyar da ta shiga lungun tana bugun fallayen uku ta koma ta inda ta fito, kuma a lissafi wannan ɗan abu da ake riƙewa da hannu ɗaya yana amsawa kamar fili mai murabba'in mita 43. Mun kafa shi a kan sandar katako a mita 60, muka same shi a gurbi na 100, inda ya kamata ya kasance.

Sai dai ba shi kaɗai ya fito ba. Ya fito da 'yan rakiya a dama da hagu, ƙananan tuddai da ke raguwa a hankali, na farkonsu desibel 13 kawai yake ƙasa da shi, kuma ɗalibin da ya tsaya mita biyu a bayan madubin ya ɓace a cikinsu. Wannan yana faruwa ne saboda an yanke siginar farat ɗaya a farko da ƙarshe. Da muka lallaɓa gefunan biyu da tagar Hann, wadda ke sauko da samfuran farko da na ƙarshe zuwa sifili a hankali, tuddan suka faɗi zuwa desibel 31 a ƙasa, ɗalibin ya bayyana, amma kowane abu ya ƙara kauri a kan layin nisa. Na yarda da wannan ciniki, domin gara a ga mutum da ɗan kauri da a rasa shi gaba ɗaya.

17 ga Fabrairu, 2025

An gama teburin juyi. Yana zagaya 12 a minti, wato sakan 5 a kowane zagaye, kuma ma'aunin kusurwar da ke jikin sandarsa yana raba zagayen gida 4,096, yana kuma ba da bugu ɗaya na musamman duk lokacin da eriya ta fuskanci arewa. Ƙurar hunturu tana shiga zobban da ke isar da wuta zuwa sashen da ke juyi, tana haddasa 'yan tartsatsi a sigina, saboda haka muka rufe su da gwangwani, muka kuma mai da dukan lissafin farko saman tebur, ta yadda lambobi ne kawai suke saukowa ba ɗanyar sigina ba.

3 ga Maris, 2025

Yau ne hoton da'ira ya fara bayyana, kuma a nan ne ainihin aikin allo ya soma. Radar farko da Ingila ta jera a gaɓar tekunta kafin Yaƙin Duniya na Biyu layi ɗaya kawai take nunawa, nisa a kwance, ƙarfin amsa a tsaye, kusurwa kuma sai ma'aikaci ya nemo ta da hannu. A shekarar 1940 Ingila ta fara amfani da allon da'ira, inda haske yake tashi daga tsakiyar bututun allo ya nufi gefe, layin kuma yana juyawa tare da eriya. Wannan bututu bai san wata matsala ta fassara ba, domin yadda eriya take gani haka shi ma yake zanawa, da nisa da kusurwa. Allon kwamfuta kuwa layi-layi yake zanawa daga sama zuwa ƙasa, ɗigoginsa a jere suke a tsaye da kwance, saboda haka tilas a juya kowane gurbi daga nisa da kusurwa zuwa gabas da arewa.

Mun raba zagaye zuwa layuka 2,048, kowane layi yana haɗa hawa kamar biyu, muka kuma ba da'irar ɗigo 512 daga tsakiya zuwa gefe. Hanyar da ta fi zuwa a rai ita ce a bi kowane layi gurbi bayan gurbi, a lissafa inda zai faɗa a kan allo, a zana. Da muka yi haka, tsakiyar hoton ta cika, amma daga wajen ɗigo na 326 zuwa gefe sai baƙaƙen ramuka suka bayyana a tsakanin layukan, suna yin wani zane mai kama ido wanda babu shi a fili. Lissafin a bayyane yake. Kewayen da'irar a bakin gefe ɗigo 3,217 ne, layukanmu kuma 2,048, to dole wasu ɗigogi su rasa mai taɓa su. A tsakiya kuma akasin haka ne, layuka da dama suna faɗawa kan ɗigo ɗaya, na ƙarshe yana goge na gabansa, ko da na gaban ne yake ɗauke da amsa mai ƙarfi.

Maganin shi ne a juya tambayar. Maimakon a tambayi kowane gurbi inda zai sauka, sai a tambayi kowane ɗigo na allo wane gurbi ne nasa, a ɗauko ƙimarsa daga can. Ta haka babu ɗigon da zai zauna babu mai shi. A tsakiya kuma muka ce a riƙa ɗaukar mafi ƙarfi daga cikin layukan da suka haɗu. Amsoshin wannan tambaya muna lissafa su sau ɗaya mu ajiye a jadawali, kuma da yake da'ira kashi takwas ce masu kama da juna, kashi ɗaya ya wadatar. Idan aka matsar da tsakiyar hoto ko aka ƙara girmansa, dole a sake jadawalin, kuma a nan muka yi amfani da dabarar CORDIC, wadda Jack Volder na kamfanin Convair ya wallafa a 1959 domin kwamfutar tuƙin jirgin sama. Tana fitar da kusurwa da nisa ta hanyar tarawa, ɗebewa da matsar da lambobi kawai, babu ninkawa. Ina son ɗalibai su rubuta ta da kansu ko da injin zamani yana iya yin lissafin kai tsaye, domin wanda ya gina ta ya fahimci kusurwa fiye da wanda ya kira ta daga laburaren manhajar da wasu suka riga suka rubuta.

14 ga Maris, 2025

Wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran radar jiragen ruwa a Legas kafin ya ajiye aiki ya ziyarce mu, ya zauna gaban allon yana kallon ɗalibai biyu suna kai da kawowa a fili. Da na ce, “Baba, yaya ka ga hoton?” sai ya ce, “Malam, hoton ya fita sarai, amma ba shi da wutsiya. A allon da, wutsiyar muke kallo kafin kan.”

Maganarsa tana kan hanya. Bututun allon rada na da an shafe cikinsa da sinadari mai hawa biyu, wanda ake kira P7. Idan haske ya bi ta kansa sai ya yi walƙiya shuɗiya nan take, sannan ya bar wani haske rawaya mai dusashewa a hankali cikin sakan da dama, kamar garwashin da aka janye daga murhu. Saboda haka abin da ke tafiya yana barin sawunsa na zagayen baya a bayansa, ma'aikaci kuma da kallo ɗaya yake sanin inda abu ya nufa da irin saurinsa. Akwai wani aiki na biyu da sinadarin yake yi a ɓoye. Amsa mai rauni da ke faɗawa wuri ɗaya a kai a kai tana taruwa har ta yi haske, hayaniya kuwa da yake yanzu tana nan an jima tana can, ba ta taruwa. Ke nan bututun da idon ma'aikaci suna tarawa, suna tunawa, suna kuma yanke hukunci, ba tare da wani ya rubuta musu layin lissafi ko ɗaya ba. Allonmu na dijital bai gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kowane zagaye yana goge na baya tas, kuma duk abin da muke so ya tuna sai mun gina masa shi da gangan, mun kuma zaɓi adadinsa.

Mun ƙara wani shafi na biyu a ma'ajiya domin sawu. Duk amsar da ta fito ana rubuta ta a can, sannan a kowane ɗan lokaci a ɗebe kashi ɗaya cikin 16 na hasken kowane ɗigo. Akwai wani tarko a nan da ya kamata mai zuwa ya sani. Idan ana lissafi da cikakkun lambobi, 15 a raba 16 sifili ne, saboda haka duk ɗigon da ya sauko zuwa 15 yana tsayawa a nan har abada, allon kuma ya cika da wani hazo mai duhu. Mun sa a riƙa ɗebe aƙalla ɗaya a kowane zagayen ragewa. Sabuwar amsa tana fitowa fara, sawu kuma ruwan ɗorawa, kuma ana iya zaɓar tsawonsa, abin da tsohon bututun bai taɓa bayarwa ba.

28 ga Maris, 2025

Yawancin abin da ke kan allon katanga ce, da bishiyoyi, da tankin ruwa, da rufin kwano, alhali masu motsi muke nema. Hanyar raba su tsohuwa ce. Abin da ke tsaye yana dawo da amsa iri ɗaya a kowane hawa, saboda haka idan aka ɗebe amsar hawan baya daga ta yanzu sai ya ɓace, mai motsi kuma ya rage, domin tsawon zangon igiyarmu milimita 12.4 ne kacal, ko 'yar matsawa kaɗan tana canza matsayin kaɗawar da ta dawo.

Wahalar masu aikin farko ita ce inda za a ajiye amsar baya har ta gaba ta iso. Abin da suka yi shi ne su mai da siginar sauti, su tura ta cikin bututu mai cike da zaiba, inda sauti ke tafiyar kusan mita 1,450 a sakan, su karɓe ta a ɗaya bakin su mai da ita lantarki. Jinkirin milisakan 1.25 da muke buƙata da sai ya ci bututu mai kusan mita 1.8. Wannan dabara ta rada ce J. Presper Eckert ya mai da ita ma'ajiyar kwamfuta, kuma da ita EDSAC ta jami'ar Cambridge ta yi aiki a 1949, haka ma UNIVAC a Amurka a 1951. A wurinmu dukan wannan ya zama jeri ɗaya na lambobi a ma'ajiya da ɗebewa ɗaya.

Katanga ta ɓace, tankin ruwa ya ɓace, masu tafiya a ƙasa suka fito fes. Amma da wani ɗalibi ya hau keke ya nufo eriya kai tsaye, sai muka ga ɗigonsa yana haske yana dusashewa, a wani wuri ma ya ɓace ɗungum, sannan ya dawo da ya rage gudu. Dalilin shi ne, a gudun kusan kilomita 18 a awa, keken yana matsawa milimita 6.2 a tsakanin hawa biyu, wato rabin zango daidai, wanda a zuwa da dawowa ya zama cikakken zango, sai amsar ta dawo tamkar bai motsa ba. Duk ninkin wannan gudu makanta ce ga radar. Mun warware shi ta hanyar saɓa tazarar hawa, sau ɗaya milisakan 1.25, sau ɗaya 1.5, ta yadda gudun da ya ɓuya wa ɗaya ba zai ɓuya wa ɗayar ba. Makantar farko da suka yi tarayya a kanta ta koma kusan kilomita 89 a awa, gudun da babu mai yin sa a filinmu.

Abu biyu ba su warwaru ba. Ganyen darbejiya yana kaɗawa idan iska ta taso, yana barin yayyafin ɗigogi a kusurwar yamma. Mutumin da ke kewaya eriya ba tare da ya matso ko ya yi nisa ba kuma yana ɓacewa tare da katanga.

11 ga Afrilu, 2025

Da zafi ya shigo, madubin da muka mayar mita 240 ya fara yin faɗi a kan allo da tsakar rana, yana cin gurabe da dama, alhali da asuba siriri ne. Sashen da ke samar da kaɗawa ba ya hawa a miƙe idan ya ɗauki zafi, kuma ƙaramar lanƙwasa a hawan tana ƙara girma gwargwadon nisa. Mun ɗaure shi da da'irar kulle wadda take gwada kaɗawarsa da agogon kwatz a kowane mataki, muka kuma yi wa teburin rumfa. Madubin ya koma kaurinsa na asali.

25 ga Afrilu, 2025

Yanzu mun iso tambayar da ma'aikacin zamanin da yake amsawa da idonsa, wato wane ɗigo ne abu, wane ne hayaniya. Idan aka kafa haddi ɗaya ga dukan allo, wato ƙarfin da amsa za ta haye kafin a ɗauke ta abu ne, to ko dai ya yi ƙasa a wurin bishiyoyi allon ya cika da ƙarya, ko ya yi sama a fili mai tsabta a rasa mutum. Hanyar da H. M. Finn da R. S. Johnson suka bayyana a 1968 ita ce kowane gurbi a auna shi da maƙwabtansa. Mu muna tsallake gurabe 2 a kowane gefe, domin kada abin da ake nema ya shiga cikin awon kansa, mu ɗauki 16 a gaba da 16 a baya, mu fitar da matsakaicin ƙarfinsu, mu ninka shi da wani adadi.

Wannan adadi shi ne wurin da hukunci yake, kuma ba na so ɗalibi ya murɗa shi har sai hoto ya yi masa kyau. A kowane zagaye muna duba gurabe kusan miliyan biyu. Idan muka yarda da ƙarya ɗaya a cikin miliyan, wato kamar biyu a zagaye, lissafi ya ce da maƙwabta 32 a ninka da 17.3, ko desibel 12.4. Duk wanda ya sauko da shi ya sani cewa ƙarya ya saya, wanda ya ɗaga shi kuma ya sani cewa wani mai raunin amsa ya sayar. A ganina wannan shi ne babban bambancin allon dijital da na da. Ma'aikacin zamanin da yana yin wannan ciniki a cikin kansa, yana kuma canzawa da gajiya da barci, namu kuwa lamba ce a rubuce wadda kowa zai iya dubawa ya tuhume ta.

Hanyar tana da rauni idan abubuwa biyu suka kusanci juna. Da mutum ya tsaya mita biyar a gaban madubi, ƙarfin madubin ya shiga cikin matsakaicin, haddin ya tashi, mutumin ya faɗi ƙasa da shi. Mun koma ga gyaran da Hermann Rohling ya kawo a 1983, inda ake jera maƙwabtan 32 daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na 24, ta yadda 'yan ƙalilan masu ƙarfi ba za su ja awon sama ba. Jerawar tana cin lokacin injin, amma mutumin ya dawo.

19 ga Mayu, 2025

Ruwan farko ya ba mu gwajin da ba mu da hanyar shiryawa. Yayin da ake sheƙa shi, ɗanyen hoton ya cika da farin hazo mai motsi, wanda ɗebe hawan baya bai iya kawarwa ba tunda ɗigon ruwa tafiya yake yi, amma haddin da ke bin maƙwabta ya tashi tare da shi, allon ya zauna da tsabta, sai dai mun rasa masu tafiya a can ƙarshen fili. Zangon da muke aiki a kansa yana kusa da gigahatz 22.2, inda tururin ruwa yake shanye igiyar rediyo, abin da ya rage wa radar santimita 1.25 da aka ƙera a Amurka lokacin yaƙin nisan gani idan iska ta yi laima. A mita 300 wannan asara ba ta kai a damu da ita ba.

Faɗin hasken eriyarmu kusan digiri 12 ne, saboda haka mutum ɗaya a mita 100 yana fitowa a matsayin baka mai faɗin mita 21. A wannan mako mun rubuta sashen da ke tattara dukan guraben da suka haye haddi a jere, ya nemo tsakiyarsu gwargwadon ƙarfi, ya fitar da rahoto ɗaya mai nisa, kusurwa da lokaci. Wannan mataki ne ya ba tsarin SAGE na Amurka, wanda cibiyarsa ta farko ta fara aiki a 1958, damar tura bayanan rada ta wayar tarho zuwa kwamfuta mai nisa, kuma irin waɗannan alamomi da kwamfuta ta zana su ne mai kula da jirage yake kallo a yau, a Kano ko a Landan.

2 ga Yuni, 2025

Mun fara haɗa rahotannin zagaye da zagaye su zama sawun abu ɗaya. Muna hasashen inda abu zai kasance bayan sakan 5, mu nemi rahoto a kusa da wurin, mu gyara matsayi da gudu da wani kaso na bambancin. Yana riƙe mai tafiya a miƙe, amma idan mutum biyu suka gitta juna yakan musanya su, kuma garken awakin da ke ratsa filin da yamma yana haifar masa da sawu fiye da adadinsu. Matatar Kalman, wadda aka wallafa a 1960, za ta gyara hasashen, sai dai ba ita za ta raba awakin ba, wannan yana buƙatar a sa gudun kowane rahoto a cikin sharaɗin haɗawa.

Saboda haka aikin da ke gaba shi ne mu maye gurbin ɗebewa ɗaya da lissafin Fourier na biyu a kan hawa 64 a jere, wanda zai raba kowane gurbi gida-gida bisa gudu, tare da taswirar abubuwan da ke tsaye wadda za ta riƙa sabunta kanta a hankali, kamar yadda ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT ta Amurka ya tsara wa radar filayen jiragen sama a shekarun 1970. Da wannan taswira muke sa ran dawo da mai kewaya eriya, mu kuma rage yayyafin darbejiya. Lissafin zai buƙaci a riƙe tazara ɗaya har hawa 64 su cika sannan a canza zuwa ɗayar, kuma ma'ajiyar injin da ke kan tebur ba za ta ɗauke shi ba, don haka mun yi odar allon lantarki mai FPGA, wato guntun lantarkin da ake tsara cikinsa yadda ake so, ɗalibai biyu kuma sun fara rubuta sashen da zai fitar da rahotanni a tsarin ASTERIX, wato tsarin musayar bayanan rada na Eurocontrol, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Turai, kafin ya iso.